Jego Ya Karɓe Ta

A gidanmu na Agadas kowa ya san wanda ciwon zuciya zai ɗauka: Kawu. Ƙanen Inna ne, ɗan kasuwa mai tumbi, wanda ke wuni zaune cikin shago yana shan shayi mai sukari kamar zuma. Tun da lokotoro ya auna shi ya ce yana da tansiyo, wato hawan jini, muka sa masa ido. In ya miƙa hannu wajen nama, Inna ta janye faranti. A ganinmu wannan ciwo na irinsa ne, mazan gari da suka manyanta suka huta. Masu lambun Timiya da ke kawo mana lemo, busassu kamar sanda, ai ba su san shi ba. Masu haƙar zinariya kuwa rami da ƙura ake ji musu tsoro. Mace mai ƙuruciya ba ta ma cikin zancen.

Autarmu ta zo gida haihuwar fari, mijinta yana can Cibarakatan wajen zinariya. Siririya ce tun tana ƙarama. Ni ina ce mata tsinken tsire, ita tana ce mini buhun gero, kuma ba ƙarya take yi ba. Wannan rama tata ta daɗe tana cin ran Inna, don gani take mutane za su ce ba ta iya kiwon ɗiya ba. Da auta ta sauka lafiya, ta samu mace, Inna ta ɗaura ɗamara.

Ta aika aka samo mata kanwa mai kyau, irin wadda ayari ke kawowa. Safe da yamma tukunya tana kan murhu, ruwa yana tafasa da ganyen dogon yaro, a yi wa mai jego wanka har jikinta ya riƙa turiri. Tana fitowa a miƙa mata kunun kanwa cike da ƙwarya, Inna ta tsaya a kanta sai ta shanye. Haka aka yi wa Inna, haka ta yi mini a tawa haihuwar, na kuma tashi garau.

Bayan suna auta ta fara cika. Kumatu suka fito, awarwaro ya daina juyawa a hannunta, takalmi ya ƙi shiga. Matan unguwa in sun shigo sai su tafa hannu su ce, "Ma sha Allah, jego ya karɓe ta." Ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Har ni na sa baki, na ce da auta yanzu mun zama buhu biyu.

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta ce, "Yaya, in na kwanta ji nake kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. A zaune nake barci."

Na gaya wa Inna. Ta ce sanyin haihuwa ne bai gama fita ba. Ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa.

Kawu ne ya gano. Ya shigo wata hantsi da lemo a leda, ya tarar da ita jingine da bango tana haki, alhali daga ɗaki kawai ta fito. Ya durƙusa da ƙyar, ya danna babban yatsansa a ƙafarta, ya ɗage. Wurin ya lotsa, bai taso ba.

Ya ce da Inna, "Yaya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Duk zuwan da na yi haka lokotoro yake danna tawa ƙafar. Ku ɗauko mata mayafi."

A likita, wato asibiti, wata lokotoro mace ta duba ta, ta ce zuciyar ta kumbura, ta gaji. Ta ce ciwon yana samun wasu mata bayan haihuwa, ko da ƙuruciyarsu, ko ba su da ƙiba, kanwa da ruwan zafi kuma suna ƙara wa zuciyar nauyi.

Inna ta tambaya a hankali, "Kunun nawa ne ya yi mata haka?"

"Ba shi kaɗai ba ne, Inna. Amma a daina."

Na tabbata Inna ba ta ji rabin farko ba. An yi magani iyakar yi. Kumburin ya saɓe, auta ta koma tsinkenta, har na ɗauka mun tsira. Ba ta kai arba'in ba.

Kawu ya raka ta maƙabarta da ƙafa, yana tafiya yana tsayawa. Yana nan da ransa har yau, da tumbinsa da ƙwayoyinsa. Akwai lokacin da ganinsa ma haushi yake ba ni, ba don ya yi laifin komai ba. Ɗiyar auta ni na shayar da ita tare da nawa. Siririya ce ita ma, kuma ban taɓa tsokanarta a kai ba.

Da na sake haihuwa, Inna ta zo ta zauna da ni. Ruwa mai ɗumi ta riƙa haɗa mini, kunu kuma ba kanwa. Kowace safiya sai ta kama ƙafata kamar za ta gyara mini zane, ta danna yatsa, ta duba. Ranar suna wata tsohuwar maƙwabciya ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke kam jegon nan bai karɓe ki ba, duk kin zube."

Inna ba ta ɗaga kai daga jaririn ba. Ta ce, "Ku bar mini ita haka."