Mummunar Barandar Mai Labule

Akwai matan da idan suka shigo ɗakinki, kafin ku gama gaisawa sun riga sun daidaita agogon bangon da ya karkace. Mai Labule tana cikinsu. Ɗinkin labule da rigunan kujeru ne sana'arta tun tana amarya, har sunan ya bi ta ya danne na ainihi. Da ƙuruciya Anti Mai Labule ake ce mata, yanzu da furfura ta cika kai an koma Mama, amma hannun yana nan yadda yake. Ba ta iya zama ta zuba wa abu ido a karkace. Wasu na cewa iyayi ne. Masu faɗin haka, a leƙa bayan ƙofarsu a ga abin da ke jibge.

Mijinta direban motar haya ne, mutum mai sanyin hali, kuma duk tsawon zamansu ba su taɓa mallakar gida ba. Haya suke yi. A nan matsalar take, don mai irin hannunta ba ta dace da ginin wani ba.

Gidan da suka fara kamawa, kicin ɗinsa ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙorafi. Bango baƙi ƙirin da hayaƙi, ruwan wanke-wanke ya kwanta a ƙasa yana wari. Ta sa wuƙa ta kankare bangon da kanta, goye da 'yarta ta fari. Ta shafa fenti ruwan madara, ta kira kafinta ya kafa mata kantoci daidai inda hannunta ke kaiwa, ta jera ƙusoshi ta rataye ludayi da mataci, kowanne da wurinsa. Ta buɗe wa ruwan hanya ya fita. Maƙwabta suka dinga shigowa aron gishiri don kawai su kalla. Mai gidan ma ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaɗa kai yana sa albarka. Ba a jima ba ya aiko cewa ɗansa zai yi aure, kuma ai ba zai je ya kama haya ba ga ginin ubansa. Ginin da ɗan bai taɓa leƙawa ba lokacin da yake wari.

Gida na gaba, tsakar gidansa juji ce. Ta bi wuraren da ake gini tana roƙon fasassun tayil, ta kwaso a buhu, ta zauna a ƙasa tana haɗa su kamar mai haɗa ƙyallaye har fili ya fito da zane. Tsofaffin tayoyin motar mijinta ta yi musu fenti, ta cika su da ƙasa ta shuka furanni. Ta sa aka kafa 'yar rumfa. Matar mai gidan ta zo wucewa, ta zauna a inuwar ta sha ruwa, ta ce, "Kai, nan akwai iska." Ita ce yanzu take shan iskar.

Haka aka yi ta yi da ita. Ba a taɓa tashinta don ta ɓata gida ko ta hana haya ba. Wanda ya fasa taga, ya toshe kwata, ya bar yara suna zane a bango da gawayi, yana nan zaune lafiya, don ba mai kwaɗayin abin da ya lalata. Ita da ta gyara, ita ke ɗaure kaya. Kuma abin takaicin, da murmushi ake korarta, ana yaba hannunta tana loda katifa a mota.

Suna cikin haka idon Direba ya fara dushewa. Ya bar tuƙi, aka yi ta zaryar asibiti, hasken ya ci gaba da janyewa har ya tafi gaba ɗaya. Lokacin yara sun watse, kowa da nasa gidan da nasa nauyin. Su biyu suka koma wani ɗan gida a ƙarshen layi, mai shi yana can wani gari, dillali ne ke zagayowa lokaci-lokaci ya duba.

Da tafin hannu Direba ya koyi gidan. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa ya bi bango zuwa bandaki, daga falo zuwa baranda inda yake zama da rediyonsa. Ƙwaurinsa ya sha karo da kujeru, goshinsa ya san kowace kusurwa. Da ya ga ya fara yawo ba tare da ya kira ta ba, sai wata rana ya ce ta zauna.

"Uwar yara, abu ɗaya nake roƙonki. Gidan nan, kada ki taɓa shi."

"Ko labule?"

"Labule naki ne, ana naɗewa a tafi da shi. Bango nake nufi. Na gaji da koyon gida. Da ina gani, a kai ni ko'ina. Yanzu in aka tashe mu, ban san ko ƙafata za ta sake haddace wani wurin ba."

Ta yi masa alkawari, kuma ta cika rabinsa. Kicin yana can ƙurya, dillali bai taɓa wuce baranda ba, saboda haka ta bi shi a hankali ta gyara abinta.

"Ina jin warin fenti," in ji Direba.

"Maƙwabta ne."

"Maƙwabtan a kicinmu suke aikin?"

"Malam, sha shayinka. Wanda kake tsoro ba ya shiga nan."

Ya ƙyale ta, don ya san in aka hana ta gaba ɗaya ciwo za ta kwanta. Amma gaban gidan ta bar shi yadda ta same shi: fenti yana ɓarewa kamar fatar maciji, simintin baranda ya tsattsage, bakin matakala ya gutsure. Mata na kawo mata ɗinki suna kallon wurin suna kallonta, ta ce musu ai gidan mutane ne.

Wata safiya Direba ya fito da rediyo a hannu, yatsansa ya shiga inda simintin ya ɗago, ya tafi gaba ɗaya ya bugi bakin matakala. Tana kicin ta ji ƙarar. Ta tarar da shi zaune a ƙasa, jini na bin girarsa, yana lalube yana neman batir ɗin rediyo. Bai yi ƙorafi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mata rai. Bayan an ɗinke goshin sai ya daina fitowa. Ya koma zaman gado, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi.

Ta gaya wa dillali. Ya ce zai sanar da mai gida. Ta sake gaya masa, ya ce mai gida ya ce ana dubawa. Irin dubawar da har a naɗe duniya ba a gamawa.

To, ga inda ta tsaya. In ta bar barandar, mijinta zai ƙare a ɗaki, ko ya fito ya karye. In ta gyara, nan ne daidai inda dillali ke tsayawa, kuma ta san halinsa: da ya ga wuri ya yi kyau zai zaro waya ya ɗauki hoto, ya fara nuna wa masu neman gida. Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta tana taka keken ɗinki, har ta ɗinke wa wata mata labule a baibai. Sannan ta aika aka kira mata wani birkila da ta saba haɗuwa da shi a gidajen da take kai aiki.

"Ƙasan nan za ka daidaita min," ta ce. "Ya kwanta sumul, ba tudu ba rami. Matakalar ka mayar da ita gangare. Mai walda zai kafa ƙarfen dafawa daga ƙofa zuwa kujerar Malam."

"An gama, Mama. Akwai ragowar tayil ruwan ƙasa a wurina, in muka zagaye gefen da su..."

"Ba tayil."

"To, fenti?"

"Ba fenti. Kuma simintin ka yi min shi faci-faci, nan duhu, nan haske. Duk wanda ya kalla ya ce cikin fushi aka kwaɓa."

Birkila ya ajiye cokalinsa ya dube ta da kyau.

"Mama, ko na yi miki wani laifi ne?"

"Ba ka yi ba."

"Mutane fa za su wuce su tambayi wa ya yi."

"Ka ce ba ka sani ba."

"Ni da duk layin nan aka ga na shigo da baro?"

"To ka ce tsohuwa ce ta rikice, ka bi ta don a zauna lafiya."

Ba ta taɓa yin aikin da ya ba ta wuya kamar wannan ba. Ashe ɓata abu da gangan ma sai an iya. Birkila ya saba da gyara, da ya manta sai ya goge wuri ya yi sheƙi, ta sa shi ya dawo ya dagula launin. Ita ma hannunta na cin amanarta: ta tsinci kanta ta ɗauko tukunyar fure daga kicin ta ajiye a kusurwa, ta ja baya tana dubawa, sannan ta tuna, ta ɗauke ta mayar. Ƙarfen dafawar tsohon bututun ruwa ne. Ta goge samansa da samfefa inda tafin hannu zai bi, ta bar tsatsa a gefen da ke kallon titi. Da aka gama, ƙafa ba ta da abin cewa, amma ido sai ya nemi wurin gudu.

Direba ya koma barandarsa. Yana zaune a nan da hantsi, ita tana gefensa tana farke wani ɗinki, dillali ya turo ƙofa da waya a hannu. An riga an kai masa labari cewa an ga siminti ya shiga gidan. Ya gaishe su, ya tsaya, ya kalli ƙasa, ya kalli bututu.

"Mama, wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Ni na sa."

"Ke? Ke da ake ba da labarinki?" Ya girgiza kai. "Allah sarki, tsufa. Da na ji kin taɓa wurin har na yi murna. Akwai wani ma'aikaci da ke neman gida a layin nan, na ce bari in ɗauko masa hoto. Amma wannan in na nuna masa sai ya daina ɗaga wayata." Ya zura wayar a aljihu. "Ku dai ci gaba da zamanku, Baba. Wa zai so nan?"

Direba ya kashe rediyo. Mutum ne da ko a titi ba a taɓa jin muryarsa ba, amma ranar ya ɗaga ta.

"Kai, ɗan nan, ka san da wa kake magana? Matar nan ta gyara gidajen da ko ƙofarsu ba a bari ka taɓa. Uwar yara, shiga da shi kicin ya ga aiki."

Dillali ya ɗaga gira, hannunsa ya koma bakin aljihu. Mai Labule ta ɗora tafinta a kafaɗar mijinta ta danna.

"Bar shi, Malam. Kicin ɗin ma haka yake, har ya fi nan. Yaron ya faɗi gaskiya, hannun ne ya tafi."

Da bakinta ta faɗa, ga mutumin da ta san ba ya riƙe magana. Kafin mako ya zagayo duk mai kawo mata ɗinki za ta ji cewa Mai Labule ta tsufa, wasu kuma za su kai yadinsu wani wurin. Ta sani sarai. Dillali ya yi mata fatan sauƙi kamar mai jinya, ya ja ƙofa ya tafi.

Direba yana shafa bututun da babban yatsansa, sama inda ya yi santsi, sannan gefe inda tsatsa ke kama fata.

"Da gangan kika yi," ya ce.

"Tun da aka yi, ƙafarka ta ci karo da wani abu?"

"A'a."

"To."

Can ya gyara zama.

"Munin nasa ya kai yaya?"

"Ya kai."

"Ba ni labari, tun da ni an hutar da ni."

Ta ajiye ɗinkin a cinya, ta kalli wurin sosai, ta fara daga bakin ƙofa. Ta ce nan kamar an zubar da toka an taka. Can tsakiya akwai wani faci mai kama da kan jaki, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Bututun kuwa ko a bayan garejin da yake kai motarsa gyara a da ba za a yarda a jingina shi ba. Direba ya fara dariya, yana riƙe goshi inda aka ɗinke don kada ya buɗe. Ita ba ta yi dariyar ba, amma ba ta tsaya ba.

"Saura ta wajen gangaren," ta ce. "Nan ne birkila ya kusa kuka."