Rigar da Ta Hana Yaya Lawali Keke

A watan nan Yaya Lawali ya cika shekara shida da rasuwa. Na so bana in yi masa addu'a kawai in yi shiru, sai ga sanarwa a rediyo ana kiran masu buƙata ta musamman su fito a tantance su. Ina jin haka ɗacin ya dawo mini sabo fil.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, direba. Gero da dawa yake ɗauka daga Gurbin Bore da Dauran zuwa kasuwar Shinkafi, ya dawo gida Ƙaura. A kan hanyar nan 'yan bindiga suka buɗe wa motarsa wuta. Ya rayu, amma an yanke ƙafar dama daga cinya, ta hagun kuma sai ja. Da ya warke, abokansa na tasha suka ce ya zo ya riƙa yi musu kamasho ya samu na cefane. Sai dai daga inda yake zaune zuwa tasha ba tafiyar mai dogara sanduna ba ce. Keken guragu yake buƙata, mai tuƙi da hannu. Iyakar abin da ya roƙi gwamnati ke nan a rayuwarsa.

A gidanmu an tashe mu da cewa ba a zuwa gaban hukuma da ƙazamin tufa. Don haka ranar tantancewa matarsa Rabi ta fito da shaddarsa ta Salla, aka kai wa masu bugu, ya kafa hula, ya shafa turare. Na goya shi a babur zuwa ofishin da ake tantancewar. Da ya zauna a benci, babbar rigar ta sauka har ƙasa ta rufe komai, sandunan suna ƙarƙashi. Jami'in da ke tantancewa ya dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, wa ka kawo?"

"Ranka ya daɗe, kaina nik kawo."

Jami'in ya ce tallafin na marasa galihu ne, in kuwa da gaske yake ya je Sarkin Guragu ya shaide shi. Na raɗa masa ya ɗaga rigar su gani da idonsu. Yaya ya dubi matan da ke layi, ya ce mini, "Bala, ba ni buɗe jikina gaban matan mutane don keke."

Sarkin Guragu, wato shugaban guragun gari, ya karɓe mu da mutunci, kuma ya faɗa mana gaskiya. Mutanensa su ne waɗanda ke zama da shi ranar Juma'a a ƙofar masallaci, su ya sani, su zai iya tsaya wa. Yaya bai taɓa zama a wurin ba, ba kuma zai zauna ba. Ban taɓa ganin laifin dattijon nan ba. Kekunan kaɗan ne, mutanensa kuwa wasu tun haihuwa suke jan ciki. Laifin na wanda ya tsara cewa sai ka yi bara kafin a yarda kana da buƙata.

Da aka sake buɗe tantancewa, kowa ya zama mai ba da shawara. A bar shadda a gida, a bar turare, a je yadda suke son gani. 'Yan tasha kuma sun aiko cewa ba za su iya ci gaba da riƙe masa gurbin ba. Sai ya sa Rabi ta tono tsohuwar rigarsa ta tuƙi mai baƙin mai. A bakin ƙofar ofishin ya miƙo mini sandunansa, ya sauka ƙasa. Ina tsaye ina kallon yayana, wanda ya koya mini ɗaure wando, yana jan jiki da tafin hannu a kan tsakuwa cikin rana.

Jami'in nan ne dai. Ya gane fuskar.

"Ba kai ne Alhajin nan mai shadda ba? Yau kuma wasan kwaikwayo ka zo yi mana?"

Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa irin waɗannan masu wayo ne ke tare wa mabuƙata na gaske hanya. Dungulmin cinyar yana gabansa a fili, amma ya riga ya gama hukunci.

A gida na ɗauko buta ina wanke masa hannu, ina cire tsakuwar da ta shige fata. A lokacin ne ya yi magana. Ya ce, "Bala, da na sani da rigata nit tahi. Ko an hana ni, da an hana ni ina mutum."

Bai sake nema ba. Kamashon aka ba wani. Ya ƙarasa kwanakinsa a kan tabarma a zaure, mutumin da ya san kowane rami a hanyar Zurmi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Hanyoyin da ya bi ba su daina samar da irinsa ba. Daga Kurya Madaro, daga ƙauyukan Zurmi, manoma ne da direbobi da jiya suke da ƙafa, yau ba su da ita, kuma ba su iya roƙo ba don ba su taɓa koyonsa ba. Na san ba zai yi dogon zance ba, zai dai tambaya ko har yanzu da ido ake auna mutum. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai.

Bai bar gida na kansa ba, bai bar mota ba. Shaddar ce ta rage, babban ɗansa ke sa ta ranar Juma'a, jama'a na cewa kamar Lawali ya dawo. Ina jin daɗin haka. Amma ni in na tuna shi, tafin hannun nan nake fara gani kafin rigar, kuma ban yafe wannan ba. Allah Ya jiƙansa, Ya ba shi inda ba a tantancewa da ido.

Sanarwar rediyon ta ce kowa ya zo da katin shaida da hoto. Na kasa kunne har ƙarshe, ba ta faɗi kayan da za a sa ba.