Faifai a Firizar Mai Kifi

Duk layin ba mai kiransa da sunan yanka, Mai Kunne kawai ake ce masa. Shekara da shekaru yana gyaran rediyo a wani shago da bai fi akurkin kaji ba, kuma da kunne yake gano ciwon na'ura tun kafin ya kwance ta. Kunnen nan shi ne jarinsa, shi ne abin taƙamarsa.

Da tsufa ya fara leƙo shi, sai ya tsiro da wata sabuwa: wai faifan sidi in ya kwana cikin ƙanƙara, sautinsa ya fi fita tas. Sai ya ƙulle faifai a leda ya kai firizar mai kifi, washegari ya naɗe shi a tawul har sanyin ya sake shi. Mai kifi tun tana mita har ta gaji ta ware masa lungu.

Telan da ke shagon gefe, amininsa tun suna yara, mutum ne mai murya kamar ana faɗa, kuma bai taɓa yarda ba.

"Haba Mai Kunne! Faifai nama ne? Abin da aka zuba ciki shi zai fito. Ƙarnin kifi kaɗai ka ƙara masa."

"Kai da ƙarar keke ta cinye maka kunne, me ka sani?"

Ran nan tela ya ce a yi ta ta ƙare. Mai Kunne ya sa faifan da ya sha sanyi, ya danna, ya lumshe ido yana kaɗa kai.

Lasifika ba ta ce uffan ba. Wayarta ta zare, tana reto a bayan tebur, tela yana kallonta.

"Ka ji ko?" in ji Mai Kunne. "Ka ji yadda ganga ta fito?"

Ga nasara a hannu, amma tela ya ƙi ɗaukarta. Ya tuna yadda kwanan nan amininsa ke tsura wa leɓen mutane ido in suna magana. Ashe ba faifan ne ya dushe ba. Tausayi ya kama shi har ƙirji.

Ya sunkuya kamar mai neman allura, ya mayar da wayar. Kiɗa ya ɓarke a shagon, Mai Kunne ko gezau.

Tela ya taɓa kafaɗarsa har ya buɗe ido, sannan ya ɗaga murya.

"Na ji, ɗan'uwa. Gobe ka kai mini nawa wajen mai kifi."