Warin Motata da Numfashin Baba

Shekarun baya, a tsakiyar wata damina, na sayi motata ta farko. 'Yar Kwatano ce, fara, jikinta sumul, in ka hango ta daga nesa sai ka rantse jiya ta fito daga kamfani. Ina koyarwa a wata sakandare a nan cikin Bauchi a lokacin, kuma na gaji da tsayuwa bakin titi ina ɗaga wa masu keke hannu. Ranar da aka kawo ta, ba abin da na tsinana a gida. In shiga ɗaki, in fito in leƙa ta, in koma.

Aibinta ɗaya ne, wari. Kana buɗe ƙofa zai tarbe ka, irin warin ɗakin da aka rufe da jiƙaƙƙun kaya aka yi tafiya. Na yi wa dillalin magana, ya ce ai zaman jirgin ruwa ne, in na sauke gilashi na ɗan zaga gari zai tafi. Na yarda, don ina son in yarda.

Wajen da na fara kai ta shi ne Inkil, gun mahaifina, ya sa mata albarka. Baba ya daɗe yana fama da asma, ga kuma yanar ido da ta rufe masa gani, sai dai ya ga duhu-duhun mutum. An riga an ba shi ranar da za a yi masa aiki a wani asibitin ido a Kano, bayan jira mai tsawo, kuma an gaya mana wanda ya saɓa ranarsa sai ya koma bayan layi. Matsalar ita ce tafiyar. Zuwansa na farko a motar haya ya yi, direban ya ajiye jarkar fetur a but, kafin su kai Ningi numfashin Baba ya sarƙe, da ƙyar aka ceto shi. Tun daga ranar ya ce shi da motar haya har abada. Gaskiyar magana, rabin dalilin da ya sa na matsa na sayi motar ke nan.

Na kamo hannunsa na kawo shi bakin motar. Ya shafa jikinta yana murmushi, ya yi addu'a, sannan ya sunkuya ya sa kai ciki. Bai ko zauna ba tari ya turnuƙe shi. Ya dafa ƙofar, ƙirjinsa ya fara wannan kukan da duk gidanmu muka sani, kamar ana busa ƙaramin usur. Na ruga na ɗauko masa abin shaƙarsa. Sai da ya jima zaune a kan tabarma kafin ya iya magana.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "motarki ta yi kyau. Amma in haka cikinta yake, a bar idon nan kawai. Gara in zauna da makanta ina numfashi."

Na ce masa kafin ranar zan gyara. Na faɗa ne da ƙarfin hali, amma a hanyar komawa gida kuka na yi ta yi. Ranar aikin saura bai fi mako biyu ba. Mijina yana wajen aiki a wata jiha, motocin da zan iya ara kuwa, wata na warin taba, wata an cika ta da turaren kanti.

Na kai ta wajen wanki, aka wanke kujeru da kumfa, ta yi ƙamshin sabulu na yini guda, washegari warin ya dawo har da ƙari. Na zuba gawayi a kwanuka na jera ƙarƙashin kujeru. Na yanka lemun tsami. Wata abokiyar aikina ta ce garin kofi, na saya na barbaɗa. Duk asuba kafin in yi komai sai in je in buɗe ƙofar in shaƙa, kuma duk asuba amsar ɗaya ce.

Sai yayata ta zo. Ita kam duk wata matsala ta duniya, a wajenta turaren wuta ne maganinta. Ta ce ɗakin amarya ma da aka yi wa sabon fenti da me ake kashe warinsa? A sa garwashi a kasko, a zuba turare mai kyau, a rufe motar ruf ta sha hayaƙi, sannan a buɗe ta sha iska kwana biyu, Baba ba zai ji komai ba. Na ce mai asma da hayaƙi? Ta ce ai ba da shi a ciki za a turara ba. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, sai ga ni na ɗora kasko a kan faranti a tsakiyar mota, na zuba turare har da ƙari don ya kama sosai, na ɗaga gilasai, na kulle, na shiga wanka da makullin a ɗaki.

Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da wasu mutanen Bogoro, miji da mata, mutanen kirki. Matar ce ta fito shanya ta ga motata ta cika da farin hayaƙi, ba a ko ganin sitiyari, yana tsiyayowa ta gefen ƙofa. Ina cikin banɗaki na ji muryarta, da Hausarta da ba ta gama nuna ba.

"Malama, fito! Motanka yana cin wuta!"

Kafin in ɗaura zani in zura hijabi, na ji tassss. Da taɓarya ta fasa gilashin baya. Ina fitowa na tarar da mutanen layinmu sun cika gidan, kowa da bokiti, an kafa layi daga durom ɗin da muke tarar ruwan sama. Ina cewa turare ne, turare ne, ba mai ji na. Sai da suka juye durom ɗin nan kaf a cikin motar, sannan hayaƙin ya lafa, aka ga kasko a kife yana iyo, ƙamshin turare ya gauraye unguwa.

Wani dattijo ya leƙa, ya dube ni, ya ɗauki bokitinsa ya fita. Maƙwabciyata ta tsaya da taɓarya a hannu, idonta ya kawo ruwa, tana ta ba ni haƙuri. Ban iya jin haushinta ba, don da wutar gaske ce, ita ce ta cece ni. Amma da na buɗe ƙofa ruwa ya kwararo kan ƙafata, sai na zauna a ƙasa a wajen. Motar da nake neman raba ta da danshi, ga ta ta zama tafki, ga hadari ya haɗo, ga ranar Baba ta matso.

Da yamma mijinta ya dawo, ya ji labari, ya ce tunda abin ya kai haka ba sauran lallaɓawa, a fitar da komai. Washegari ya kira bakanike, aka kwance kujerun gaba da na baya, aka ɗaga kafet. Abin da na gani a ƙasan ya sa na toshe hanci na ja da baya. Soson da ke shimfiɗe ƙarƙashin kafet ɗin ya yi baƙi ƙirin, fumfuna ta cinye shi, yana yagewa a hannu kamar jiƙaƙƙen biredi. Wannan ba ruwan jiya ba ne. Bakaniken ya nuna mini wani ɗan bututu da ke fitar da ruwan esi, wato na'urar sanyaya mota, waje, ya toshe, ruwan yana komawa ciki Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ramin safaya taya ma da tsohon ruwa kwance a ciki. Duk wankin da nake yi da lemun tsamin da nake yankawa, a saman ruɓa nake yi.

Muka zubar da soson da kafet ɗin gaba ɗaya. Ni da maƙwabciyata muka durƙusa muka wanke ƙarfen da ruwan zafi da sabulu, muka goge, muka sake gogewa. Bakanike ya buɗe bututun, ya canja matatar iskar esi, aka sa sabon gilashi. Saura kujeru, waɗanda suka sha ruwa suka yi nauyi, rana kuma ta ƙi fitowa. Kullum sama a rufe, in ta ɗan leƙo mun fito da su, sai yayyafi ya kore mu.

Mijin maƙwabciyata a gidan biredi yake aiki. Shi ya ce a kai kujerun can, a jingina su a bayan bangon tanda, inda zafi ke bugowa amma hayaƙi ba ya zuwa. A Keke Napep muka kai su, ina rungume da kujerar direba kamar wadda za ta kai mara lafiya asibiti. Kwanakin nan ban yi barcin kirki ba. Baba ya sa a kira ni a waya, ya ce in abin ya gagara kada in takura kaina, Allah ya riga ya rubuta abin da zai gani da wanda ba zai gani ba. Wannan maganar ta fi komai tayar mini da hankali, don na san ya fara sallamawa ne.

Ana gobe tafiya aka mayar da kujerun. Ƙasan motar ƙarfe ne tsirara, sai tabarmar roba da na yanka na shimfiɗa. Na shiga na rufe ƙofa na shaƙa, ban ji komai ba. Amma hancina ya riga ya gaji, ban yarda da shi ba, kuma hancin da za a yi wa gwajin ba nawa ba ne.

Da sassafe na isa Inkil. Ƙanena yana karatu a jami'a a Gubi, mun yi da shi zai jira mu a bakin hanya tunda ta nan za mu wuce, don haka daga gida zuwa can ni da Baba ne kawai. Na zaunar da shi a baya, na sa masa abin shaƙarsa a tafin hannu, na sauke gilasai kaɗan. Ya ja numfashi a hankali, ni kuma na riƙe nawa. Ya ce yana jin ƙamshi-ƙamshin biredi. Na ce masa labari ne mai tsawo.

Muka shigo gari. Ban kunna rediyo ba, ban yi magana ba, kunnena duk yana baya. Ya yi gyaran murya sau ɗaya wajen wani shataletale, saura kaɗan in hau kan mai babur. Muka fita gari muka kama hanyar Kano, ina jin numfashinsa yana shiga yana fita. Can sai na daina ji.

Na kira shi, shiru. Na duba madubi, kansa ya langaɓe gefe, hularsa ta zame, abin shaƙar ya faɗo daga hannunsa. Ban san yadda na sauka gefen titi ba. Na fito na zagaya, na buɗe ƙofar ina salati, na kama kafaɗarsa na girgiza.

Ya buɗe ido a firgice. "Har mun iso?"

Barci yake yi. Mutumin da ya kwana biyu yana fargabar tafiyar nan bai runtsa ba, iska ta kaɗa shi ya samu wajen hutawa. Na tsuguna a bakin titi na yi kuka mai isata, shi kuma yana ta tambayata ko wani abu ya samu motar.

An yi aikin lafiya, Baba ya ga jikokinsa da idonsa, ya koma karatun Alƙur'aninsa da kansa har ƙarshen rayuwarsa. Yanzu in wani ya ce mini motarsa na wari, nakan ce ya bar turare ya ɗaga kafet, kuma in zai yi wata dabara ya fara sanar da maƙwabta.

Na canja mota tun tuni, Baba kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma har yau in na ɗauki wani a kujerar baya ya yi shiru, sai in ji na rage gudu ina kasa kunne. Yarana sun ɗauka tsautsayin hanya nake tsoro. Ban taɓa gaya musu numfashinsu nake saurare ba.