Ƙofofin Hayaƙin Motar Baba Audu

Cikin duk ayyukan da suka bi ta hannuna a gareji, ranar da muka faɗaɗa ƙofofin hayaƙin motar Baba Audu ita ce ta ƙi barin raina. Ku 'yan koyo da kuka zo daga baya kun tarar da Malam Isa yana zaune a benci yana shan shayi, amma a lokacin shi ne maigidan garejinmu na Bici, ni kuma babban yaronsa, wato wanda ake bar wa aiki idan maigida ya fita. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma ban taɓa rufe inji ba sai ya duba.

Baba Audu direba ne daga wani ƙauye a bayan Tsanyawa, kuma taubashin Malam Isa ne, shi ya sa ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Yana da tsohuwar babbar mota mai shan gas, wadda manoman yankinsu suka dogara da ita wajen kai gyaɗa da wake kasuwa. Ana gab da kaka ya shigo mana da ita tana tuƙa baƙin hayaƙi.

Ya sauko yana cewa, "Isa, ga ta nan. Idan na yi mata lodi, har jaki wuce mu yake yi."

Malam Isa ya ce, "Ba laifin mota ba ne, direban ne ya tsufa."

Muka duba nozul mai fesa gas cikin inji da famfon mai da matatar iska, duk lafiya. Sai muka sauke tof-silinda. Ga wanda ba makaniki ba, tof-silinda shi ne murfin ƙarfen da ke kan inji, a cikinsa akwai ƙofofin da iska ke shiga da waɗanda hayaƙi ke fita. Daga nan hayaƙin yake faɗawa cikin manifol, wani ƙarfe mai rassa da ke tattara shi ya miƙa wa salansa. A motar Baba Audu, ƙofofin sun cushe da baƙin gawayi, ga manifol ɗin na wata mota ne aka taɓa liƙa mata, bakinsa bai hau daidai da ƙofofin ba. Injin yana shaƙar iska amma ba ya iya fitarwa.

Maganin shi ne a sa ƙaramar giranda a ci ƙarfen kaɗan-kaɗan, a daidaita bakunan, a goge hanyar ta yi santsi. Haɗarin kuwa, a bayan bangon kowace ƙofa akwai hanyar ruwan da ke sanyaya inji. In ka ci ya wuce kima ka huda ta, tof-silinda ya tashi aiki, kuma irin na wannan motar an daina ganin sa ko a Kano.

Kafin Baba Audu ya tafi ya ce, "Habu, kada ka ji haushi, amma wannan aikin hannun Isa nake so a kai, ba na kowa ba." Na ce ba komai, Baba.

Da ya tafi, Malam Isa ya sallami 'yan koyo su je cin abinci. Ya ɗora gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin manifol da ƙofofin hayaƙi, a kan tof-silinda, ya bi gefen ramukansa da tsinin ƙusa yana jan layi, domin layin ne ke nuna inda giranda za ta tsaya. Sai ya ce, "Habu, kana ganin layin nan?"

"Ina gani, Malam."

"To ni ba na ganin sa."

Ya faɗa mini tun bara idonsa ke yin hazo. Gaskiya mun lura. Yakan nemi sifana alhali tana gabansa, mu miƙa masa ba mu ce komai ba. Amma ranar ce ya fara faɗa da bakinsa. Na ce ko mu kai aikin birni. Ya girgiza kai, ya ce ya riga ya amsa wa Audu. "Kai za ka riƙe giranda. Ni yatsana yana nan, bai tsufa ba."

Haka muka fara. In ci ƙarfe kaɗan in ɗaga, shi kuma ya zura yatsa cikin ƙofar ya shafa. "Akwai tudu ta hagu." In koma. "Ya isa, kada ka taɓa ƙasan." Wani lokacin sai ya riƙe wuyan hannuna ya karkata shi yadda yake so girandar ta kwanta. Ƙofofin shigar iska kuwa ya hana ni faɗaɗa su, ya ce a injin gas an yi su da lanƙwasa ne don iska ta shiga tana juyawa, wanke su kawai za mu yi.

Washegari da hantsi muna kan aiki, hannunsa a kan nawa, ƙarar janareta ta hana mu jin sallama. Ina ɗaga kai sai ga Baba Audu tsaye da ƙullin dafaffiyar gyaɗa. Na kashe giranda. Malam Isa ya saki hannuna, ya juya wajen da na kalla, ya ƙanƙance ido.

Ya ce, "Audu ne?"

"Ni ne."

"Ka ce hannuna kake so. Ga shi ka tarar da na Habu. Ido ne ya ƙi."

Baba Audu ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna, ya kwance gyaɗarsa. Ya ce, "Isa, ranar sunan jikar Inna Hajara ka riƙe hannuna kana kira na Liman, har kana neman in yi maka addu'a. Tun ranar na sani. Na kawo motar ne don na san ko a duhu ba za ka huda mini ita ba. Ku ci gaba, ina kallo."

Malam Isa ya ce, "Addu'ar ma ba ka yi ba."

"Na yi. Ita ce ba ta karɓu ba tukuna."

Muka ci gaba. Da muka zo ƙofar ƙarshe, Baba Audu ya leƙo ya ce ai wannan kamar ba ta kai sauran faɗi ba, a ƙara mata. Ni ma haka idona ya nuna mini. Malam Isa ya shafa, ya ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma ya kasa kunne, ya ce a'a, bangon nan ya fi sauran siranta, a bar ta haka. Muka bar ta.

Aka wanke ƙarfen tas, domin ko ɗan tsakin ƙarfe ya shiga inji sai ya yi ɓarna. Sannan muka toshe hanyoyin ruwa, muka aro injin iskar mai facin tayar da ke maƙwabtaka da mu muka hura musu iska, na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ina zuba ruwan sabulu. In an huda, kumfa za ta taso. Na bi su har ta ƙarshe. Ba ta taso ba. Malam Isa ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa hannu ya ɗebi gyaɗar Baba Audu.

Muka ɗaure tof-silinda, kusoshi daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda ƙa'ida take. Ranar kasuwar Tsanyawa aka yi mata lodin buhuna muka gwada ta. Ba ta koma sabuwa ba, ban ce muku haka ba. Amma hayaƙin ya washe, zafin ya sauka, ta ja kayanta ba ta yi nishi ba. A wannan kakar, ba manomin ƙauyensu da amfaninsa ya kwana a bakin hanya.

Da aka gama kwasar kaka, Baba Audu ya zo da sassafe ya tsayar da motar a ƙofar gareji, ya ce Malam Isa ya hau gaba. Malam ya tambaye shi ina za su. Ya ce asibitin ido a Kano, kuma ba shawara ya zo nema ba. Ashe yanar ido ce ta rufe wa Malam gani, aka yi aiki aka cire. Ranar da aka kwance bandeji suka dawo, Malam Isa ya zagaya motar yana kallon ta, ya dubi Baba Audu ya ce, "Da na san haka ku biyun kuka lalace, da na bar idona yadda yake."

Abin da na ɗauka daga aikin nan shi ne, a sana'armu tsoho ba ya ƙarewa don wata gaɓa tasa ta gaza. Yana buƙatar wanda zai ara masa ita ne ba tare da ya kunyata shi ba. Shi ya sa har gobe, in mun gama goge ƙofa, nake cewa ku ɗauki ƙarfen ku kai wa Malam a benci ya shafa kafin a rufe.