Yadda Sai-Na-Gwada Ya Ɗora Wa 'Yarsa Lodi

Sunansa na gaskiya yana nan, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. A duk layin, Sai-Na-Gwada ake ce masa. Mai gyaran janareta ne. Shagonsa yana kwanar titi, manne da na Tela, ɗan ɗaki ne wanda in ya zauna ya miƙe ƙafa sai ta leƙa waje. Bango ya sha baƙin mai har ba wanda ya san asalin fentinsa, sifanoni na rataye a ƙusoshi, ga gwangwanin madara cike da fulogai matattu da ya ƙi zubarwa.

Hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Matsalar tana zuwa ne bayan ya gama gyara. Mai inji zai miƙo hannu ya ɗauki kayansa, shi kuwa sai ya dafe tankin ya ce, "Sai na gwada." Daga nan zai ja igiya, inji ya tashi, ya jona masa dutsen guga, da tsohuwar hita, da fanka mai fiffike biyu. Wannan shi ne lodi. Zai bar injin yana ruri har Tela ya daina jin rediyonsa, sannan ya kai bayan hannu kusa da kan injin, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. In zafin bai yi masa ba, sai ya sake kwancewa, ko da mai kayan ya riga ya tsayar da mota. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Halin bai tsaya a shago ba. Takalmi in zai saya sai ya zagaya kasuwa da shi tukuna. Ranar da ya sayi gado kuwa, sai da kafinta ya tashe shi daga barcin rana.

Matarsa a gidan burodi take aiki, ita ke jera burodi a leda tana ɗaurewa. Mace ce mai haƙuri irin na wadda ta san abin da ta aura. 'Yarsu ɗaya, ba ta cika shekara huɗu ba, uban ya sa mata Noti, kamar notin inji, don ƙarama ce kuma kullum a ƙarƙashin kujera ake tsinto ta. Noti tana zuwa makarantar ƙananan yara da ke bayan gidan mai, wadda aka zana raƙumin dawa a ƙofarta ya fito kamar akuyar da aka ja wa wuya. A bakin wannan ƙofa Malama take tsayawa kowace safiya. Yaron da ta ga idonsa ya yi ja, ta taɓa ta ji jiki da zafi, nan take take miƙa shi ga wanda ya kawo shi, a gaban duk iyaye.

To, zazzaɓi ya kama Noti, da tari a kai. Uban ne ya saɓa ta a kafaɗa zuwa asibiti, kuma abin da ya tsaya masa a rai ba zafin ba ne, shirun ne. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta kwantar da kai a wuyansa, ko uffan. Shi mutum ne da ke gane ciwo ta ƙara. Inji in ya yi tari ya san kafireta ce, in ya yi ƙara-ƙara ya san inda ya kwance. Wannan kuwa ba ƙara, kuma ba murfin da zai buɗe ya leƙa.

Likita ya duba, ya rubuta magani, ya ce ba abin tashin hankali ba ne. Maman Noti, da ta biyo su, ta tambayi zancen makaranta. Ya ce in zazzaɓin ya sauka, ta wuni ta kwana ba zafi ba tare da an ba ta maganin zazzaɓi ba, tana ci tana wasa, sai ta koma.

Maman Noti ta roƙi hutu a wurin aiki ta zauna jinya. Zazzaɓi ya sauka, magani ya ƙare, tari ya koma ɗan gyaran murya. Noti ta cinye abincinta ta leƙa kwanon uwar. Sai ga saƙo daga mai gidan burodi: ranar Litinin in ba ta zo ba, akwai 'yar ƙanwarsa da ke zaune ba aiki, kuma ita ma tana da hannu biyu. Ba su da wanda za su bar wa yarinya. Shago kuwa ba wurin mai tari ba ne, hayaƙi kaɗai ya isa.

Da yamma ya dawo, yana wanke hannu da omo a bakin famfo, ta same shi da ma'aunin zafi a hannu.

"Baban Noti, duba. Tun jiya lafiya lau, ba magani. Gobe sai ta koma, in samu in leƙa wurin aiki tun kafin Litinin."

Ya karɓi ma'aunin ya juya shi, ya miƙa mata. "Yaushe kika auna?"

"Da ta tashi daga barci."

"Ai shi ya sa. Inji a kashe kowanne lafiyayye ne."

"Yarinya ce fa."

"Na sani. Sai na gwada."

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida doguwa daga famfo zuwa ƙofar waje. Ya ɗauko jakar makarantar Noti, ya sa kwalbar ruwa cike, ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya ƙara da takalman uwar. Ya rataya mata a baya. Ya ce ta ruga daga famfo ta taɓa ƙofa ta dawo, kuma tana yi tana rera waƙar da ake koya musu, da ƙarfi, don a makaranta ba a shiru ake gudu ba.

Noti da ta gaji da kwanciya ta ɗauka Allah ne ya amsa addu'arta. Ta ruga, ta dawo, ta sake rugawa, jaka na dukan bayanta, waƙa na fita rabi-rabi. Shi kuwa ya tsuguna ya karkata kunne yana sauraron numfashi. Da ya ga ta yi laushi, ya tare ta, ya ɗora bayan hannu a goshinta, ya lumshe ido.

"Tana zafi."

"Gudu ta yi," in ji uwar.

"A makarantar zama za ta yi? Ki kai ta haka, Malama ta taɓa, ta dawo mana da ita a gaban jama'a. Ko kuma ta faɗi a can ba ma nan. A ƙara mata kwana."

Aka ƙara mata kwana. Washegari da yamma aka sake gwaji, sakamako bai canza ba. Abin ya zama kallo. Matan gidan suka riƙa fito da kujeru tun kafin ya dawo, wata ma har da gyaɗarta. Noti kuwa da ta ji ƙarar ƙofa za ta ɗauko jaka da kanta ta tsaya a bakin famfo, har ta fara ƙorafin lodin ya yi kaɗan. Kullum gudunta ƙaruwa yake, kullum zafin ƙaruwa yake, kullum fuskar uban ƙara ɓaci take.

Labari ya kai shago. Tela ya leƙo da tef a wuya.

"Injiniya, yaya mai jiki? Ka duba fulogi kuwa?"

"Ka ji da wandon mutane."

"Ni dai na ce ko a juye mata baƙin mai. Wani lokacin daga nan ne."

Sai-Na-Gwada ya ci gaba da aikinsa. Shi abin ba wasa ba ne a wurinsa. Ya san Litinin na matsowa, ya san aikin nan matarsa ta sha wuya kafin ta same shi, kuma tana son sa, har da ƙanshin da take dawowa da shi a mayafi. Amma duk lokacin da ya ce a ransa gobe ta tafi, sai ya ji nauyin kan nan a wuyansa, shiru. A shekarunsa na sana'a hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma hannun ya ce da zafi.

Ranar Lahadi da yamma Maman Noti ba ta ɗauko ma'auni ba, ba ta kuma yi musu ba. Ta bari aka gama gwaji, ya taɓa, ya girgiza kai. Sannan ta cire jakar daga bayan yarinya ta miƙa masa.

"Baban Noti, kai lafiyarka ƙalau ko?"

"Alhamdu lillahi."

"To taimaka mini. Ni ban san aikinku ba. Ina so in ji yadda lafiyayye yake in an ɗora masa lodi, don in riƙa ganewa."

Ya dube ta, ya dubi matan da ke kan kujeru. Magana ce ta sana'a, ba ta da wurin kamawa. Jakar ba ta shiga kafaɗarsa ba, sai ya rungume ta a ƙirji.

"Da waƙar," in ji ta.

Bai iya waƙar ba, Noti ta riƙa ba shi baiti yana maimaitawa. Mutum ne da rabonsa da gudu tun wani kare da ya bi shi yana saurayi. Zuwa na farko ya yi shi da mutunci. A na gaba silifas ɗaya ya tsaya a hanya. Bai kai rabin abin da yarinyar ke yi ba ya dafa famfo, numfashinsa na fita kamar injin da ruwa ya shiga tankinsa.

Maman Noti ta zo ta ɗora bayan hannu a goshinsa, ta lumshe ido yadda yake yi.

"Gobe ba shago."

Noti ta ce a ɗaga ta ita ma ta ji. Ta taɓa, ta dubi uwar. "Baba ya lalace."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, don mutumin yana gyara wa rabin gidan inji. Mai gyaɗa dai ta shige ɗaki da sauri ta rufo ƙofa.

Ya zauna a kan bokitin da aka kife. Ya taɓa goshinsa, ya taɓa na Noti, ya sake taɓa nasa. Ya ce kowa ya yi shiru, a kashe su duka biyu a gani. Uba da 'ya suka zauna gefe da gefe a inuwar bango, ba motsi. Can ya sake taɓawa. Goshin yarinya ya yi sanyi kamar randa, har ta fara tambayar abinci. Nasa kuwa ana iya gasa masara.

Ya daɗe yana kallon bayan hannunsa.

"Ta fi ni saurin hucewa," ya ce. "Wannan alama ce mai kyau a inji."

"To?"

"Ta je. Amma ni zan kai ta."

Litinin da sassafe Maman Noti ta ɗaura mayafi ta kama hanyar gidan burodi, ba ta ko waiwayo ba, kada ya sake shawara. Shi ya yi wa Noti wanka, ya sa mata riga a bai-bai, ya cire ya gyara. A hanya bai bar ta ta yi ko sassarfa ba, ɗaukarta ya yi, ya bi gefen inuwa.

A bakin ƙofa ya shiga layin iyaye. Da aka zo kansu Malama ta tambaya yaushe rabonta da zazzaɓi, ko an ba ta magani da safen nan, ko ta karya. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gyara tsayuwa ya fara bayanin da yake yi wa masu karɓar inji: kada a ɗora mata kaya da yawa ranar farko, a riƙa ba ta ruwa, in aka ji wata ƙara da ba a saba ji ba a kashe a kira shi.

Malama ta shafa goshin Noti, shafa ɗaya, ta ce, "Shiga, 'yar gari."

"Gwajin ke nan?"

"Ke nan. Na baya, matso."

Noti ta shige ba sallama. Ya tsaya jikin katanga ya kasa kunne, amma muryoyin sun yi yawa, duk kamar inji ɗaya suke. Ya tafi shago.

Ya ajiye waya a kan benci inda zai gan ta, ya kwance wata kafireta ya ɗaura, ya ga ya bar abu ɗaya a waje, ya sake kwancewa. Rana ba ta kai tsaka ba wayar ta yi ƙara. Malama ce. Ya goge hannu a wando, ya ɗauka a tsaye.

"Baban Noti?"

"Zafin ne ya dawo?"

"Lafiyarta ƙalau, ta fi kowa. Tambaya ce da ni. Me kuke yi mata a gida?"

Kafin ya buɗe baki, ta ci gaba.

"Don da aka fita wasa ta jera 'yan ajinsu, ta rataya wa kowa jakarsa, ta sa su gudu daga lilo zuwa ƙofa. Sannan ta bi su ɗaya-ɗaya tana taɓa goshi tana cewa sun lalace, ba makaranta. Yanzu haka ga su nan a bakin ƙofa da jakunkuna suna jiran iyayensu, wasu na kuka."

"In zo in ɗauke ta?"

"A'a, ka zo in an tashi kamar kowa. Gobe ma a kawo ta. Ka dai ja mata kunne."

Ya sauke numfashi, ya zauna a kan benci. Har zai ajiye, sai abin ya dame shi.

"Malama, ta dai bar su sun huce kafin ta taɓa?"

Malama ta kashe wayar.

Tela, da ya tsayar da kekensa tun ƙarar farko, ya leƙo. "An ce a zo a ɗauka?"

"An ce a kawo gobe."

Ya lalubo lambar matarsa. Ta ɗauka da sauri, ana jin ƙarar leda a bayanta.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Maman Noti. Ci gaba da aikinki."