Masakin da Yaya Dije Ta Bar Mana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hadiza, wadda duk unguwarmu a Birnin Konni ta sani da Dije mai ɗinki. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Duk shekara in wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai kuka ya riga ni. Bana kuwa dariya ce ta riga, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Dije doguwa ce, ga murya, ga bakin da ba ya barin ta kwana. Abu biyu ta fi so a duniya, keken ɗinkinta da rawa. Ita da aminiyarta Zali, mai sayar da albasa, ƴar garin Dogarawa da aure ya kawo Konni, in suka shiga gidan biki aka kife ƙwarya bisa ruwa aka fara kiɗa, to sauran mata sai mu ja baya mu ba su fili. Yaya ta fi ƙarfi, amma Zali ta fi iyawa, ko da yake ban taɓa faɗin haka a gaban Yaya ba, ina son kaina.

A lokacin da wayoyi masu ɗaukar hoto suka fara shigo mana daga tsallaken iyaka, aka yi suna a unguwarmu. Cikin gida ne, mata zalla. Zali ta taka har ɗankwalinta ya faɗi, ba ta ma sani ba. Wata daga cikinmu ta ɗauke ta a waya. Har yau ba mu san ko wace ce ba, kuma ba na jin da mugunta ta yi. Wayar dai ta je wurin masu caji, daga nan hoton ya yi ƙafa. Kafin Juma'a ta zagayo ƴan kabu-kabu na kallonsa a tasha, an ɗora masa wani kiɗan ban dariya. Ya kai Malbaza, ya kai kasuwar Illela. Mutum ya zo sayen albasa sai ya tsaya yana murmushi, ya ce, "Hajiya, a ɗan taka mana." Babban ɗan Zali ya yi faɗa a tasha a kan maganar. Daga ranar Zali ta daina rawa.

Yaya ta ɗaura mayafi za ta wurin jandarma. Aka tambaye ta, ƙarar wa za ki kai? Ta rasa sunan da za ta faɗa, ta dawo gida tana huci. Da biki na gaba ya zo sai muka same ta zaune a bakin ƙofar shiga wurin mata, ga ƙaton masaki tsakanin ƙafafunta, ga tulin ƙyallayen atamfa da suka rage mata a ɗinki. Duk wadda ta zo sai ta zaɓi ƙyalle, ta ɗaure wayarta da shi don ta gane ta, ta sa a masaki. Wadda ta ƙi, Yaya ta nuna mata hanyar zaure ta ce can maza suke, can ake ɗaukar hoto. Ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, ko matar babban ma'aikacin duwan ce, wato kwastan. Kuma ta san masu waya biyu. Mace ta ajiye ɗaya ta wuce tana yauƙi, sai ki ji muryar Yaya a bayanta: "Ta cikin zanin fa?"

Ana cikin kiɗa masakin ya yi ta kuka, wannan waya ta yi shiru waccan ta ɗauka. Yaya ta leƙa ta ce, "Mai koren ƙyalle, maigidanki na neman tuwo." Mu kwashe da dariya. Da farko an yi ta gunaguni, wasu suka ce iyayi ne. Amsarta ɗaya ce kullum. Takan ce in ba za ki ɗauki zanina daga igiya ba tare da kin tambaye ni ba, don me za ki ɗauki fuskata ki kai tasha? Ba a daɗe ba har daga wasu unguwanni ake aikowa a ce ta zo da masakinta, don mata sun lura rawa ta fi daɗi in ba mai nuna miki waya.

Sai dai wadda aka yi masakin dominta ba ta tashi ba. Zali ta koma zuwa biki, takan zauna kusa da masu kiɗa ta yi tafi, amma ko kafaɗa ba ta kaɗawa. Yaya ta lallasa, ta yi zagi irin na ƙawaye, ta ja ta da hannu, Zali ta ce ita ba ta yarda da aljihun kowa ba. Yaya ta sha cewa sai ta ga Zali ta taka kafin ta mutu. Ba ta gani ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. An ce yanzu akwai doka, wanda ya watsa hoton mutum ba da yardarsa ba ana iya kiransa ya amsa tambaya. Na san za ta taɓe baki ta ce, "Sai yanzu?" amma a ranta za ta ji daɗi. Da kuma ta ji cewa akwai na'urar da ke ɗaukar fuskarki ta ɗora a jikin wata, ko ta sa miki maganar da ba ki taɓa faɗa ba, da muryarki, da sai mun riƙe ta. Haka in mota ta faɗi a kan hanya, wasu su fiddo waya kafin su ɗaga wanda ya ji ciwo. Ina jin masakin da za ta nema sai ya kai girman kasuwar Konni. Ba wai tana ƙin waya ba ne, a'a, Yaya ta fi kowa daɗewa a kanta tana surutu. Ni ma da waya nake ganin jikokina da ke Yamai. Abin da ta tsana kawai shi ne a ɗauki mutum ba a tambaye shi ba.

Bayan rasuwarta masakin ya dawo ɗakina, amma ni ba ni da bakin Yaya, sai abin ya yi sanyi. Watan jiya aka ɗaura auren autarta Nafisa. Dangin ango suka zo daga Yamai da mai ɗaukar hoto, suna son ƴan uwansu na ƙasashen waje su kalli komai kai tsaye. Ina ta juyayin yadda zan ɓullo wa baƙi, sai amarya ta aiko a kira ni.

"Inna, ina masakin Mama?"

Na ce yana nan, amma baƙi fa?

Ta ce, "Bayan azahar a yi hoto a zaure, duk mai so ta je, a ɗauka har a gaji. Bayan la'asar kuwa cikin gida namu ne." Ta miƙo mini wayarta, ta riga ta ɗaure ta da wani tsohon ƙyallen uwarta.

Na zauna a bakin ƙofa da masakin. Gwaggon ango, wata Hajiya mai gilashi, ta ce su a Yamai ba a haka. Ta dai ajiye waya ɗaya ta wuce. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, sai ji na yi na ce, "Hajiya, ta cikin jakar fa?" Tsofaffin unguwa suka fashe da dariya, wata ta ce Dije ta dawo. Hajiyar ma ta dara, ta fiddo ta biyun.

Zali tana wurinta na kullum, ta tsufa, gwiwa ta fara ba ta wahala. Da aka fito da amarya sai Nafisa ta nufe ta, ta durƙusa a gabanta.

"Inna Zali, Mama ba ta nan da za ta yi mini rawa. Ke kika rage mini."

Zali ta dubi masakin da ya cika har baki. Ta bi hannuwan mata da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga komai ba sai lalle. Ta dafa kafaɗar amarya ta miƙe, ta ce wa masu kiɗa su ƙara wuta. Jama'a, ashe rawar nan tana nan inda ta bar ta. Ta taka, ta juya, ɗankwalin ya sake faɗuwa kamar wancan karon. Ta dube shi a ƙasa, ta sa ƙafa ta ture shi gefe, ta ci gaba. Muka yi ta guɗa muna share hawaye, Hajiyar Yamai ma ta cire gilashi ta shiga fili.

Ba wanda ke da hoton wannan rawa, kamar yadda ba mu da ko ɗaya na Yaya tana rawa. Ba zan ɓoye ba, wani lokaci nakan so a ce akwai, in kunna in gan ta. Amma da ana ɗaukar hoto a filin nan, da Zali ba ta tashi ba. Ɗinkunan Yaya sun tsufa, kekenta ya yi tsatsa, abin da ya rage nata shi ne wannan fili da mace za ta shiga ta saki jiki ba tsoro. Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya, ƙawarki ta taka.

Washegarin bikin jikata ta kira ni daga Yamai, ta ji labari, wai in turo mata ta gani. Na ce babu. Ta ce, "To Kaka, ni yaya zan gani?" Na ce ta zo Konni bikin gaba, na ajiye mata ƙyalle.